Muhawara: Shin Da Gaske Babban Birni Ba Shi Da Imani?

Baƙon Birni:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa ba tare da na sa baki ba, amma yau zuciyata ta cika, kuma idan ban amayar da abin da ke cikinta ba, ba na jin zan iya runtsawa. Shekarata 6 a babban birni, kuma abin da na tabbatar yau shi ne babban birni ba shi da imani. Da safiyar nan kawuna, wanda ya zo wurina domin ganin likita, ya fita shi kaɗai karɓo sakamakon gwaji, saboda ban samu izinin barin wurin aiki ba. A kan matakalar gadar masu tafiya da ƙafa jiri ya ɗebe shi, ya gangaro ya faɗi a gindin gadar, wurin da dubban mutane ke bi a kowace sa'a. Ya shaida mini cewa idonsa biyu, yana jin komai, sai dai ya kasa tashi kuma muryarsa ba ta fita. Abin da yake gani kawai shi ne takalma, su doso shi, su ɗan karkace, su wuce. Ledar magungunansa ta fashe, ƙwayoyin suka watse a ƙasa, tabaransa ya karye, takalminsa ɗaya ya fita daga ƙafarsa har wani ya yi tuntuɓe da shi bai ko waiwayo ba. Ya ga wani saurayi ya tsaya a kansa, ya ɗauka taimako ne ya zo, ashe waya ya ɗaga yana ɗaukar hotonsa. Sai bayan kusan minti 20 wata mata mai sharar titi ta ajiye tsintsiyarta, ta tallafo kansa, ta lalubo wayarsa ta kira lambar ƙarshe da ya kira, wato tawa. Dattijo ne mai furfura, ba mashayi ba, ba kuma mai taɓin hankali ba, kuma ko da ɗayansu ne, ai mutum ne. Gidan da nake haya ma, shekara 4 ƙofata tana kallon ƙofar wani, ban san sunansa ba, bai san nawa ba. Ina sake faɗa: duk inda gine-gine suka yi tsawo, jama'a suka yi yawa, imani ya ƙaura daga wurin.

Almajirin Ilimi:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba wa kawu lafiya. Amma ina jan hankalinka da ka ji tsoron Allah game da kalmar da ka yi amfani da ita, domin magana zarar bunu ce. Imani al'amari ne na zuciya, tsakanin bawa da Ubangijinsa, kuma babu wanda aka ba wa ikon tsaga ƙirjin miliyoyin mutane ya yanke hukuncin cewa babu shi a ciki. A cikin waɗannan biranen da kake zargi akwai masu tsayuwar dare, akwai mahaddata, akwai masu ciyar da marayu a ɓoye. Idan ka ce ba su da imani, to me ka mayar da su? Ina ba ka shawara ka janye wannan kalma kafin a ci gaba da kowace magana.

Tsohon Malami:
Malam, da girmamawa nake cewa ka ɗora wa yaron nan kayan da ba nasa ba. Na yi shekaru ina koyar da harshen nan, kuma duk wanda ya tashi da Hausa a bakinsa ya san cewa idan aka ce wane ba shi da imani, ba ana nufin ya bar addini ba ne, ana nufin ba shi da tausayi. Muna cewa an yi wa mutum dukan rashin imani, muna cewa ɗan kasuwa ya tsawwala rashin imani, uwa takan ce wa ɗanta da ke azabtar da kyanwa, kai ba ka da imani ne? Babu wanda ya taɓa jin haka ya ɗauka kafirta yaron aka yi. Kalmar daga Larabci muka aro ta, wannan gaskiya ne, amma da ta shigo gidanmu ta ƙara ma'ana ta biyu, kamar yadda kalmomin aro da yawa suka yi. Wanda ya rubuta ƙorafin nan da Hausa ya rubuta, saboda haka da ma'aunin Hausa za a auna shi.

Almajirin Ilimi:
Baba, ban musa iliminka ba, amma yawan masu yin kuskure ba ya mayar da kuskure daidai. Idan jama'a sun saba sarrafa kalmar shari'a a inda ba muhallinta ba, aikin masu ilimi shi ne su gyara, ba su nemo wa kuskuren hujja ba. Muna da tausayi, muna da jinƙai, muna da rahama, me ya hana shi ɗaukar ɗaya daga cikinsu? Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Haifaffen Birni:
Ni ba ruwana da nahawu, abin da ya dame ni shi ne cin fuskar da aka yi mana. A birni aka haife ni, a birni aka haifi mahaifina, kuma na gaji da jin mutanen da suka zo da jaka ɗaya a hannu, birni ya ba su aiki da muhalli da asibiti, sannan su juya su ce ba mu da imani. Ina tambayar mai ƙorafi, me ya kawo kawun nasa? Ba likita ya zo gani ba? Me ya sa bai tsaya can inda imanin yake ya warke ba? Duniya gaba ɗaya birni take nufa, kuma ba dole aka yi mata ba. A 1950 kashi 30 cikin 100 na mutanen duniya ne ke zaune a birane, amma zuwa 2018 ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna sun kai kashi 55, ta kuma yi hasashen za su kai kashi 68 a 2050. A wannan ƙididdigar Tokiyo da kewayenta na da mutum miliyan 37, Delhi na da miliyan 29, kuma birane 33 ne suka haura miliyan 10. Duk waɗannan mutanen gudun imani suka yi? Sannan ita matar da ta ajiye tsintsiya ta tallafi kawu, daga sama ta faɗo? Ita ma 'yar birni ce, amma da aka zo yanke hukunci sai aka manta da ita.

Ɗan Karkara:
Yallabai, wannan magana taka ita ce ainihin abin da ake kuka da shi. An kawo maka labarin dattijo kwance a ƙasa, kai kuma abin da ka fara yi shi ne gori. Jaka ɗaya da kake faɗa, ai da ƙarfin masu jaka ɗayan aka gina benayen da kuke taƙama da su, su ne masu dako, su ne masu gadi, su ne masu kwashe shararku. Kuma ina da yaƙinin cewa idan aka bincika, ita ma mai sharar nan ba haifaffiyar birni ba ce, tarbiyyar da ta taso da ita ce ta sa ta tsaya. Mutane ba don son birni suke zuwa ba, sai don an tattara asibitoci da makarantu da ayyuka an jibge a wuri ɗaya an bar sauran ƙasa fayau.

Haifaffen Birni:
Ka ga irin ƙauyancin da nake magana a kai. Ba ka san matar ba, ba ka taɓa ganinta ba, amma har ka yanka mata takardar haihuwa. Duk mai kirki naku ne, duk mugu namu ne.

Ɗan Karkara:
Ina neman shugaban zaure ya shiga tsakani, domin kalmar ƙauyanci zagi ce. Idan an tilasta wa mai ƙorafi ya janye tasa kalmar, to wannan ma dole a janye ta, ko kuwa doka kan baƙo kawai take aiki?

Ma'aikaciyar Jinya:
Kafin a ci gaba da janye kalmomi, ƙanena mai ƙorafi, yaya jikin kawu? An yi masa hoton kai da na ƙugu? Dattijon da jiri ya ɗeba ya faɗi daga matakala, abin da muke fara tsoro shi ne zubar jini a cikin kai, wanda kan ɓoye kwana ɗaya ko biyu kafin ya bayyana, musamman idan yana shan maganin tsinka jini. Idan ka ga barci ya yi masa yawa, ko yana amai, ko maganarsa ta sauya, kada ka jira gari ya waye. Game da kalmar kuwa, ni Kirista ce, kuma tun ina ƙarama nake jin iyayena suna cewa wane ba shi da imani idan ya yi mugunta, ba mu taɓa fahimtarta da wata ma'ana ba sai rashin tausayi. A wurin aikina ina ganin waɗanda ake kawowa daga titi, kuma tambayar da nake yi wa mai kawo su ita ce tun yaushe yake kwance. Amsar takan yi mini ciwo. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, kowane minti yana cin wani abu daga ƙwaƙwalwarsa wanda ba zai dawo ba.

Direban Bas:
Anti, Allah ya saka miki da alheri. Ni kullum a kan titi nake wuni, bari in faɗa muku abin da ke cikin zuciyar masu wucewar nan, domin ni ma na taɓa wucewa, kuma ban ji daɗin kaina ba. Ba rashin tausayi ba ne kaɗai, tsoro ne. Shekarun baya na ɗauki wani da mota ta buge ta gudu, jininsa ya ɓata mini kujera, na kai shi asibiti. Maimakon godiya, sai aka riƙe ni aka ce sai na yi bayanin yadda aka yi, aka ajiye motata kwana 3, mai motar ya kusa karɓe makullinsa, 'yan'uwan mutumin kuma da suka zo kallon mai laifi suka riƙa yi mini. Na shiga ban ɗauka ba, an ce ba ta fid da ɓarawo. Ban da wannan, akwai masu kwanciya a hanya da gangan, kana sunkuyawa abokan aikinsu su zare maka waya. Wanda aka taɓa yi wa haka sau ɗaya, idan ya ga mutum a ƙasa sai zuciyarsa ta rabu biyu. Sannan ga sauri, mutum ya fito tun duhun asuba, ya yi sa'a 2 a cunkoso, ya san idan ya makara za a yanke masa albashi. Ban ce daidai ba ne, amma haka abin yake. Wanda ya tsaya ɗaukar hoto kuwa, shi ba ni da abin da zan kare shi da shi, tunda yana da lokacin tsayawa.

Ɗalibar Jami'a:
Iyayena da yayyena, ina neman izini in kawo abin da muka karanta a darasin halayyar ɗan Adam, domin wannan tambaya an daɗe ana yin ta. A watan Maris na 1964 an kashe wata mata mai suna Kitty Genovese a kusa da gidanta a birnin Niu Yok, sai jaridar New York Times ta buga cewa mutum 38 sun gani ko sun ji amma babu wanda ya yi wani abu. Labarin ya girgiza Amurka, ya kuma sa masana biyu, John Darley da Bibb Latané, suka yi gwaje-gwajen da suka nuna cewa idan mutum ya san akwai wasu a wurin, yakan rage jin cewa nauyin a kansa yake, kowa yana jiran wani ya fara, kowa kuma yana kallon fuskar na kusa da shi don ya gane ko abin na gaggawa ne. Sai dai daga baya an gano cewa jaridar ta zuzuta labarin: waɗanda suka ga abin da idonsu ba su kai haka ba, akwai waɗanda suka kira 'yan sanda, kuma wata maƙwabciyarta ta fito ta rungume ta har motar asibiti ta zo. A 2019 kuma wasu masu bincike suka duba faifan kyamarorin tsaro na rigingimu 219 da suka faru a titunan biranen Amsterdam na Holan da Lancaster na Birtaniya da Cape Town na Afirka ta Kudu, suka tarar cewa a cikin kowace rigima 10, a kusan 9 an samu aƙalla mutum ɗaya da ya shiga tsakani, kuma yawan jama'a a wurin yana ƙara yiwuwar a samu mai taimako. Abin da na fahimta shi ne, kowane mutum ɗaya a cikin taro yana iya ja da baya, amma taron gaba ɗaya yakan fitar da wani. Labarin kawu ma haka ya kasance, sai dai an daɗe kafin ta fito.

Haifaffen Birni:
Madalla da 'yar'uwa mai ilimi. Magana ta ƙare. Bincike ya tabbatar da cewa mutanen birni sun fi kowa taimako, 9 cikin 10. Sai masu zagi su nemi wata hujjar.

Ɗalibar Jami'a:
Yaya, ban faɗi haka ba. Binciken bai kwatanta birni da karkara ba, kuma bai ce mutum 9 cikin 10 suna taimako ba, cewa ya yi a rigima 9 cikin 10 an samu wani ya taimaka. Sannan faɗa ake magana a kai, abu mai hayaniya da ke jan ido, ba dattijon da ke kwance shiru ba.

Ɗan Karkara:
Ni dai ba na buƙatar kyamarar wata ƙasa ta gaya mini abin da idona ya gani. Kuma har yanzu ina jiran a janye kalmar ƙauyanci.

Tsohon Malami:
'Yata ta yi ƙoƙari, Allah ya yi mata albarka. Ina so in ƙara da cewa tun kafin waɗannan masana, Ibnu Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi dogon bayani a cikin littafinsa Muƙaddima a kan bambancin mazauna ƙauye da mazauna birni. A ganinsa mutanen ƙauye sun fi kusa da alheri kuma sun fi jarunta, saboda ba su da ganuwa ko dakarun da za su dogara da su, dole kowa ya zama garkuwar ɗan'uwansa, abin da ya kira asabiyya. Mutumin birni kuwa ya miƙa tsaronsa ga hukuma, ya saba da jin daɗi, sai igiyar da ta ɗaure shi da na kusa da shi ta yi sako-sako. Amma shi ɗin dai ne ya ce ilimi da sana'o'i ba sa bunƙasa sai a inda jama'a suka taru da yawa, kuma shi kansa a manyan birane ya yi karatu, ya yi koyarwa, ya yi alƙalanci. To kun ga wanda ya wuce kawu ya yi abin da malamin ya siffanta ne: a ransa akwai 'yan sanda, akwai motar asibiti, akwai wani wanda aikinsa ne, saboda haka shi ba aikinsa ba ne.

Almajirin Ilimi:
Baba, tunda an koma kawo hujja daga magabata, to Alƙur'ani ya fi Ibnu Khaldun. A cikin Suratut Tauba, aya ta 97, mazauna ƙauye aka siffanta da tsananin kafirci da munafunci, ba mazauna birni ba. Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zuwa birni ya yi hijira, ma'anar sunan Madina ma ke nan. Saboda haka idan ana maganar imani, birni ne gidansa.

Tsohon Malami:
Malam, ɗazu kai ne ka hana a yanke wa miliyoyin mutane hukunci, yanzu kuma ka ɗauko aya kana jifan wasu miliyoyin da ita. Ayar tana magana ne a kan wasu Larabawan ƙauye na wancan zamani, kuma da ka ƙara gaba kaɗan zuwa aya ta 99 da ka ga an yabi wasu daga cikinsu da cewa sun yi imani da Allah da ranar Lahira. Tunda kuma ka matsa sai an koma ma'anar shari'a, ai ka san hadisin da ya ce imani rassa ne, mafi ƙanƙantarsu shi ne kawar da abin cutarwa daga hanya. Ka kuma san wanda aka rantse a cikinsa sau 3 cewa bai yi imani ba, wanda maƙwabcinsa bai kuɓuta daga sharrinsa ba, kuma malamai sun fassara shi da rashin cikar imani, ba ficewa daga addini ba. Idan ɗauke ƙaya daga hanya reshen imani ne, yaya ɗaga dattijo? Ashe Bahaushe bai yi nisa da shari'a ba da ya haɗa kalmar da tausayi.

Almajirin Ilimi:
Ban zo nan don a karanta mini hadisan da na haddace tun ina yaro ba. Kuma ba daidai ba ne malamin harshe ya riƙa ba da fatawa. Kowa ya tsaya a fagensa.

Ɗan Karkara:
Wannan rashin ladabi ne ga dattijo. Mutumin da ya haife ka ko ya koyar da wanda ya koyar da kai, shi za ka ce wa ya tsaya a fagensa? To ga halin birnin nan ya fito a fili, ba a ganin girman furfura, a kan gada ko a cikin zaure.

Almajirin Ilimi:
Wa ya gaya maka a birni na tashi? Ni ma ɗan karkara ne kamarka, kuma ban raina Baba ba, gaskiya na faɗa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Har yanzu ƙanena bai amsa mini ba, ina fatan yana wurin kawu ne. Ina so in dawo da ku kan jimlar da kowa ya tsallake a cikin rubutunsa, wato maƙwabcin da bai san sunansa ba, domin ni ita ta fi ba ni tsoro. Wanda ya faɗi a titi ko ba daɗe wani zai gan shi, wanda ya faɗi a bayan ƙofarsa fa? A watan Yulin 1995 an yi wani matsanancin zafi a birnin Shikago na Amurka, cikin kusan mako guda mutum sama da 700 suka rasu, kuma da yawansu tsofaffi ne matalauta masu zaman kaɗaici, wasu sun kulle tagoginsu saboda tsoron ɓarayi, ba a san sun cika ba sai bayan kwanaki. Masanin zamantakewa Eric Klinenberg da ya bi diddigin abin ya nuna unguwanni biyu da ke jikin juna, dukansu na masu ƙaramin ƙarfi, amma wadda titunanta ke cike da shaguna da masu kai da komo ta yi asarar rayuka kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da wadda gidajenta suka zama kango, mutane suka daina fitowa. Birni ɗaya, zafi ɗaya. Ba a banza Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018 ba, Japan ma ta bi sahu a 2021. Ni ban yarda cewa zukatan mutanen birni daban aka halicce su ba, amma na yarda cewa akwai tsarin zama da ke sa mutum ya mutu ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, kuma wannan ya cancanci a yi kuka da shi da kowace kalma mutum ya samu.

Shugaban Zaure:
Jama'a, dare ya yi, kuma an fara taɓa mutuncin juna, saboda haka zan taƙaita abin da aka cimma in rufe wannan babi. Na farko, an yi ittifaƙi cewa kalmar da mai ƙorafi ya yi amfani da ita ba ta dace ba, kuma muna godiya ga Malam Almajirin Ilimi da ya tsaya tsayin daka wajen kare martabar kalmomin addini. Na biyu, alƙaluman da ɗan'uwanmu Haifaffen Birni ya kawo, tare da binciken da ɗalibarmu ta gabatar, sun wanke birane daga wannan zargi, sun nuna cewa mazauna birni masu taimako ne, kuma da birni mugun wuri ne da duniya ba ta yi ta tururuwa zuwa cikinsa ba. Ni kaina na yi sama da shekara 30 a babban birni, ban taɓa ganin an bar wani a ƙasa ba. Na uku, bayanin direba ya nuna cewa waɗanda suka wuce suna da uzuri. Ina kira ga waɗanda suka zo birni daga baya da su riƙa haƙuri suna koyon yadda ake zama a cikinsa, kuma kada a riƙa barin tsofaffi marasa lafiya su fita su kaɗai. Batun kalmar ƙauyanci kuwa, ina ganin ba da mugun nufi aka faɗe ta ba, a bar ta ta wuce.

Tsohon Malami:
Ranka ya daɗe, ban san lokacin da aka yi wannan ittifaƙi ba, domin ni ban sauka daga matsayina ba, Anti ma ta goyi bayansa. Direba da bakinsa ya ce bai ce daidai ba ne, ɗalibar kuma ta fito ƙarara ta ce bincikenta bai wanke kowa ba. Mutum 700 na Shikago ko ambatonsu ba ka yi ba.

Baƙon Birni:
Ku gafarce ni, sai yanzu na samu zama. Anti, na gode, ke kaɗai kika tambayi abin da ake ciki. An yi hoton kai, babu zubar jini, amma ƙashin ƙugunsa ya tsage, an ce sai an yi aiki, kuma likita ya ce sukarin jininsa ne ya sauka saboda ya sha magani bai karya ba. Na karanta duk abin da aka rubuta. Shugaba ya ce laifina ne da na bar shi ya fita shi kaɗai, kuma wannan ba sai an gaya mini ba, tun safe nake gaya wa kaina. Malam, ban kafirta kowa ba, Allah ne shaidata, amma ba zan janye kalmar ba, domin ita ce kalmar da kawu ya faɗa da bakinsa lokacin da na iso na same shi kansa a kan cinyar matar nan, leɓensa a fashe, yana tambayata ina ɗaya takalmin nasa. Abin da ke damuna yanzu shi ne a cikin ruɗewa ban tambayi sunanta ba, ban karɓi lambarta ba, ban ma tabbata na yi mata godiya ba. Da yamma na koma gindin gadar, na tambayi masu sayar da kaya a wurin, kowa ya ce bai san ta ba, wani ya ce masu shara da yawa ne kuma kayansu iri ɗaya ne. Na tsinci gilashi ɗaya na tabaran a gefen kwata.

Direban Bas:
Ɗan'uwa, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Da yamma ba za ka same ta ba. Masu sharar titi tun kafin gari ya waye suke fitowa, domin su gama kafin motoci su yi yawa, kuma yawanci kowace tana da yankin da aka ba ta, ba a cika sauya musu ba. Ka je wurin da misalin ƙarfe 5 na asuba, ka tsaya ta ɓangaren da ya faɗi. Idan ba ka gan ta ba, ka nemi mai duba aikinsu, yakan zagayo da rajista a hannu, ka gaya masa rana da lokacin da abin ya faru, zai san wadda ke kan wannan layin.